Athenaeum (Gidan Jamusawa na Indianapolis)

Athenaeum wani tsohon gini ne da ke tsakiyar Indianapolis, babban birnin jihar Indiana a ƙasar Amurka. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa birnin, tare da 'ya'yansu, su ne suka gina shi tsakanin 1893 da 1898 domin ya zama matattarar ƙungiyoyinsu na motsa jiki da kiɗa da ilimi. Sunansa na asali shi ne Das Deutsche Haus, wato Gidan Jamusawa. An cire wannan suna a 1918, lokacin da Amurka take yaƙi da Jamus. Ginin yana lamba 401 a titin East Michigan, kusa da inda titin ya haɗu da titin New Jersey da Massachusetts Avenue. Yana daga cikin gidajen kulob na Jamusawan Amurka da suka fi tsira da kamanninsu na asali, kuma a 2016 gwamnatin tarayyar Amurka ta sanya shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

Asalin 'yan Turner

Ƙungiyar da ta gina gidan reshe ce ta wani yunƙuri da ya faro a Jamus a farkon ƙarni na 19. Bayan sojojin Napoleon na Faransa sun ci Prussia da yaƙi a 1806, wani malamin makaranta mai suna Friedrich Ludwig Jahn ya ɗauka cewa ba za a kori Faransawa ba sai an samu samari masu ƙarfin jiki da kishin ƙasa. A 1811 ya buɗe filin motsa jiki a Hasenheide, a gefen Berlin, inda matasa ke gudu da tsalle da kokawa da hawan igiya da lilo a kan sanduna. Ya kira wannan horo da turnen. Daga nan aka samu Turnverein, ƙungiyar masu motsa jiki, da Turner, ɗan ƙungiyar. Jahn ya zaɓi kalmar ne don ya guje wa kalmar da aka aro daga Girkanci, yana ganin tasa tsantsar Jamusanci ce. Masana asalin kalmomi sun nuna daga baya cewa ita ma aro ce, daga wata kalmar Latin mai nufin juyawa.

Hukumomi ba su daɗe ba suka fara zargin ƙungiyoyin, domin a filayen ana maganar haɗa kan Jamus da rage ikon sarakuna. An kama Jahn a 1819, aka haramta harkar a Prussia har zuwa 1842. Da juyin juya halin 1848 ya ɓarke, 'yan Turner da yawa sun shiga a gefen masu neman majalisa da tsarin mulki. An murƙushe su a 1849, dubbai suka tsere, da yawansu suka nufi Amurka. A Cincinnati, cikin jihar Ohio, an kafa ƙungiyar Turner tun a ƙarshen 1848, sauran garuruwan da Jamusawa suka sauka kuma suka bi sahu.

Ta Indianapolis an kafa ta a 1851. Ta haɗu da wata ƙungiya makamanciyarta, daga baya aka san ta da Socialer Turnverein. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Clemens Vonnegut, mutumin Münster, wanda ya buɗe shagon sayar da kayan ƙarfe da kayan aikin gini, ya kuma shafe shekaru masu yawa a hukumar makarantun birnin. Sunan wannan gida na Vonnegut zai riƙa dawowa a tarihin ginin har zuwa tattaɓa-kunne.

'Yan Turner sun yi adawa da bautar da bayi. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, sun shiga sojan Arewa da yawa. A Indiana an haɗa runduna ta 32 ta sojan ƙasa, wadda kusan duk Jamusawa ne, ƙarƙashin August Willich, tsohon hafsan Prussia da ya yi yaƙi a gefen 'yan juyin juya hali. Wannan tarihi ya sa Jamusawan birnin ba su ɗauki kansu baƙi masu zaman alfarma ba. A ganinsu sun biya kuɗin zama 'yan ƙasa da jininsu.

Jamusawan Indianapolis

A ƙarni na 19 Jamusawa ne suka fi kowace al'ummar baƙi yawa a Indianapolis. Suna da coci-cocinsu da bankuna da masana'antun giya da jaridun da ake bugawa kullum da Jamusanci. Wata dokar jihar ta 1869 ta ba da damar koyar da Jamusanci a makarantar gwamnati idan iyayen yara 25 suka nema, kuma an yi amfani da wannan dama sosai a birnin.

Sai dai ba a taru aka zama ɗaya ba. Masu tarihi kan raba su gida biyu: Jamusawan coci, waɗanda rayuwarsu ta ta'allaƙa da cocin Katolika ko na Luther, da Jamusawan kulob, waɗanda suka fi karkata ga ƙungiyoyi. Mutanen Socialer Turnverein na rukuni na biyu ne. Akasarinsu 'yan kasuwa ne da masu sana'a da malamai, wasunsu kuma, irin su Clemens Vonnegut, ba sa bin kowace coci. Ana ganin alamar haka a taken ƙungiyar. Taken da aka gada daga zamanin Jahn kalmomi huɗu ne da ke farawa da harafin F, ɗaya daga cikinsu tana nufin mai ibada. 'Yan Turner na Amurka sun sauke ta, suka koma Frisch, Frei, Stark, Treu, wato mai kuzari, mai 'yanci, mai ƙarfi, mai amana. Waɗannan kalmomi suna rubuce a jikin ginin har yau.

Buƙatar da ta haifar da gidan ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zangon Hausawa a Kumasi ko Ankara, ko unguwar Sabo a Ibadan, ko kulob ɗin 'yan Labanan a Kano. Baƙo yana son wurin da zai yi magana da harshensa ba tare da an juyo an dube shi ba, ya ci abincin gida, ya ji labarin aiki, ya samo wa ɗansa mata. Bambancin shi ne Jamusawan Indianapolis na shekarun 1890 sun riga sun yi arziki, kuma suna son ginin da zai shaida wa sauran mutanen gari hakan.

Gina gidan

A 1892 ƙungiyar ta kafa kamfani na musamman, ta sayar da hannun jari ga mambobi da sauran Jamusawa domin tara kuɗin fili da gini. An ba kamfanin zanen gine-gine na Vonnegut da Bohn aikin. Bernard Vonnegut ɗan Clemens ne, haifaffen Indianapolis, ya yi karatu a cibiyar fasaha ta Massachusetts sannan a Hannover. Abokin aikinsa Arthur Bohn shi ma ɗan Jamusawa ne, ya yi karatu a Karlsruhe. Don haka mutanen da suka zana gidan Amurkawa ne ta haihuwa, amma idonsu ya saba da gine-ginen Jamus.

An yi aikin kashi biyu. Ɓangaren gabas, wanda aka fara a 1893 aka gama a 1894, shi ne na 'yan motsa jiki: babban ɗakin horo, wuraren canza kaya, ɗakunan taro, wurin wasan gara ƙwallo a buge sanduna, da gidan cin abinci a ƙasa. Ɓangaren yamma, wanda aka gina daga 1897 zuwa 1898, ya fi girma da ado, kuma a cikinsa aka yi babban zauren kiɗa da rawa. An yi bikin buɗe ginin gaba ɗaya a watan Yuni na 1898. A bayansa akwai lambu mai inuwa inda iyalai ke zama da bazara ana kiɗa.

An yi ginin da jan bulo, aka yi masa ado da farin dutse da gasasshen yumɓu. Rufinsa mai tsayi ne da gangara sosai, yana da ƙananan hasumiyoyi da tagogi masu baka da gilasai masu launi. Salon ya kwaikwayi gidajen majalisar gari da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Jamus na ƙarni na 16 da na 17. Zaɓin ba na banza ba ne. Mutanen da iyayensu suka gudo daga mulkin sarakuna ba su kwaikwayi fada ba, kuma ba su kwaikwayi coci ba, sai suka ɗauko siffar ginin da talakawan gari ke taruwa su yi shawara.

Sunan gidan cin abincin ma daga can ya fito. Rathskeller haɗin kalmomi biyu ne, Rat, majalisa, da Keller, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, domin a garuruwan Jamus an saba samun wurin ci da sha a ƙarƙashin ginin majalisar gari. Na Athenaeum yana aiki tun 1894, kuma ana lissafa shi a matsayin gidan cin abinci mafi daɗewa a Indianapolis da bai rufe ba.

Shekarun bunƙasa

Daga 1898 zuwa 1914 gidan ya cika da harka. Yara maza da mata suna zuwa horo bayan makaranta, manya da dare. Ƙungiyar kiɗa ta Musikverein, wadda aka kafa a 1897, tana da mawaƙa da makaɗa a nan. Ƙungiyoyin mata, da tsofaffin sojojin yaƙin basasa, da masu shirya lacca da muhawara, duk suna da ɗakunansu. Ana bikin al'adun Jamus, ana kuma bikin ranar haihuwar George Washington, shugaban Amurka na farko, domin mambobin ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

A 1907 ƙungiyar Turner ta ƙasa ta ɗauko kwalejinta ta horar da malaman motsa jiki daga Milwaukee ta kawo ta ɓangaren gabas na ginin. Asalin wannan makaranta ya koma 1866, kuma ana ɗaukar ta a matsayin mafi daɗewa a irinta a Amurka. Ta nan tasirin gidan ya wuce Jamusawa. 'Yan Turner sun daɗe suna matsa wa hukumomin ilimi lamba su sanya motsa jiki cikin darussan makarantun gwamnati, kuma ɗaliban kwalejin, maza da mata, su ne suka bazu a garuruwa daban-daban suna koyar da shi. Kwalejin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Indiana a 1941, ta ci gaba da zama a ginin har 1970.

Canjin suna da mutuwar harshe

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a ranar 6 ga Afrilu, 1917. Cikin watanni kaɗan duk abin da ke da ƙanshin Jamus ya zama abin zargi. Mutanen da kakanninsu suka yi wa Amurka yaƙi aka fara tambayar su gefen da suke. A Indianapolis an mayar da titin Bismarck zuwa titin Pershing, sunan babban kwamandan sojan Amurka a Turai. Wani ƙaramin gari a jihar mai suna East Germantown shi ma aka raɗa masa Pershing. Jaridar Telegraph und Tribüne ta daina fitowa a 1918. Ƙungiyoyin Jamusawa suka shiga sauya sunaye tun kafin a tilasta musu.

A ranar 22 ga Fabrairu, 1918, ranar haihuwar Washington, aka sanar da cewa Das Deutsche Haus ya zama Athenaeum. Kalmar ta samo asali daga Athena, wadda tsofaffin Girkawa ke dangantawa da hikima, kuma a Turai da Amurka an saba raɗa ta wa ɗakunan karatu da kulob na masana. Suna ne da bai nuna kowace ƙabila ba, wanda shi ne abin da ake nema. Ƙungiyar da kanta ta koma Athenaeum Turners. Abin lura shi ne mutanen da jagoransu ya guji kalmar Girkanci don kishin harshe, sai ga jikokin almajiransa sun fake a bayan wata kalmar Girkanci don su tsira.

Bugun da ya fi zafi ya zo bayan an gama yaƙin. A 1919 majalisar jihar Indiana ta yi dokar hana koyar da Jamusanci a makarantun firamare, na gwamnati da masu zaman kansu har da na coci. Wasu jihohi sun yi irin wannan doka. A 1923 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Meyer da jihar Nebraska, ta yanke hukuncin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa tsarin mulki. Amma hukuncin ya zo a makare. Malamai sun watse, jaridu sun mutu, kuma iyaye sun riga sun yanke shawarar cewa harshen nauyi ne ga 'ya'yansu.

Gidan Vonnegut ya zama misalin da aka fi ambata. Marubucin nan Kurt Vonnegut, jikan Bernard, an haife shi a Indianapolis a 1922. Iyayensa suna jin Jamusanci sarai, amma ya bayyana a rubuce-rubucensa cewa da gangan suka rene shi ba tare da harshen ko adabinsa ko kiɗansa ba, don su nuna kishin Amurka. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suka kama shi a watan Disamba na 1944, yana tsare a Dresden lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945. Daga wannan ya rubuta littafinsa Slaughterhouse-Five, wanda ya fito a 1969.

Ba daidai ba ne a ɗora wa yaƙin laifin duka. Ƙaurar Jamusawa zuwa Amurka ta ragu sosai tun shekarun 1890, kuma jikoki da yawa sun riga sun fi sakewa da Turanci kafin 1914. Masana harshe sun san wannan tsari: kaka yana jin harshen gida kaɗai, ɗa yana jin biyu, jika yana jin na gari kaɗai. Ana ganin irinsa a ƙasar Yauri da Shanga a jihar Kebbi, inda Gungawa da yawa, musamman bayan madatsar ruwan Kainji ta tashe su daga tsibiransu a 1968, da kuma Shangawa, suka koma Hausa a harkokin yau da kullum. A can babu dokar da ta hana kowa harshensa, kasuwa da makaranta da auratayya ne suka yi aikin a hankali. A Indiana tsoro da doka ne suka tattara abin da zai ɗauki shekaru hamsin suka gama shi cikin biyar, suka kuma haɗa shi da kunya.

A daidai wannan lokaci aka haramta sayar da giya, a Indiana daga Afrilun 1918, a duk Amurka kuma daga 1920 zuwa 1933. Kulob ɗin Jamusawa sun dogara da cinikin giya wajen biyan kuɗin gudanarwa, don haka wannan ma ya taɓa aljihun gidan.

Lalacewa da farfaɗowa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu hali suka riƙa barin tsakiyar birni suna komawa sababbin unguwanni a bayan gari. Mambobi suka ragu, waɗanda suka rage suka tsufa, ga kuma ƙaton gini mai cin kuɗin gyara. Tashin kwalejin a 1970 ya bar ɗakuna da yawa babu kowa. Sauran gidajen Jamusawa na birnin sun shiga irin wannan hali. Zauren ƙungiyar mawaƙa ta Maennerchor, wanda aka gina a 1907, an rushe shi a 1974. Ginin wata ƙungiyar Turner da ke titin Meridian an mayar da shi gidajen haya.

Abubuwa kaɗan ne suka tsirar da Athenaeum. A 1973 an shigar da shi rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Daga 1972 zuwa 1980 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Indiana Repertory Theatre ta yi amfani da babban zauren, abin da ya sa mutane ba su daina shiga ba. Duk da haka, zuwa ƙarshen shekarun 1980 ginin ya lalace ƙwarai. A 1991 aka kafa gidauniyar Athenaeum, ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, ta karɓi mallakar gidan, ta shiga tara gudummawa ana gyara shi kashi-kashi. A shekara mai zuwa ƙungiyar YMCA ta buɗe reshe a ɓangaren gabas, tsohon ɗakin horon ya koma aikin da aka gina shi dominsa.

Yadda yake a yau

Unguwar Massachusetts Avenue ta zama wurin gidajen wasan kwaikwayo da shaguna da gidajen abinci, kuma Athenaeum yana daga cikin gine-ginen da aka fi sani a cikinta. Rathskeller yana sayar da abincin Jamus, lambun baya yana karɓar makaɗa da bazara, zauren sama kuma ana wasan kwaikwayo da taruka a ciki. Ƙungiyar adana tarihin Jamusawan Indiana, wadda aka kafa a 1984, tana gudanar da tarukanta a ginin. Duk shekara ana bikin al'adun Jamus a watan Oktoba, da bikin yara na Nikolaus a watan Disamba. Tsohon sunan Das Deutsche Haus ya dawo cikin takardun gidauniyar da bayanan da ake yi wa masu ziyara, amma taruka da sanarwa da kusan duk hirar da ake yi a cikin gidan da Turanci ake yin su.